Zanzaron da Ya Tsare Hatsin Malisa

Zuwa ga masu girma shugabannin da Allah ya ɗora wa amanar raba kuɗin bincike ga jami'o'in gwamnati,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku da ma'aikatanku, ina roƙon ku yi mini uzuri da na zaɓi in yi muku magana a bainar jama'a. Ban san ƙofar ofishinku ba, ban kuma san wanda zan bi ta hannunsa ba. An dai ce mini akwai mutanen da ke zama su yanke wane bincike za a ci gaba da shi, wanne za a jingine. To, da su nake.

Sunana Umaru. Tela ne ni, rumfata tana kasuwar Gwandu, gidana da gonata suna Malisa. Karatuna bai wuce na allo da firamare ba. Ban taɓa zaton zan sa baki a maganar jami'a ba, sai da jami'a ta tako har rumfata ta ba ni ɗinki. Abin da ya biyo baya shi zan ba ku labari, domin na ga abin da ba zan daina mamakinsa ba har in koma ga Mahaliccina. Yanzu kuma ina kallon abin nan yana ƙarewa, ga ƙanena a kwance.

Na ɗaya: abin da muke fama da shi.

Mu nan abincinmu hatsi, wato gero. Idan damina ta yi kyau, hatsi ya fid da kai, manomi ya fara sakin fuska, to a lokacin take zuwa. Wata tsutsa ce da muke kira murzuna. Wani ƙwaro mai kama da malam-buɗe-littafi ne ke yin ƙwai a kan zangarniya tun tana ɗanya. In ƙwan ya fashe, tsutsar ta shige ciki ta riƙa bin zangarniyar a murɗe tana yanke ta, kamar an bi ta da almakashi. Daga bakin hanya gona kore shar, har mai wucewa ya ce maka barka. Sai ka shiga ka kama zangarniya ka ga rabinta ya zube. Ka yi dami mai girma, a sussuka, abin da ya fito bai cika ƙwarya ba.

Maganin da muka sani shi ne feshi, kuma mai yi mana feshi ƙanena ne Bello, uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi. Ya goya famfo ya bi gonakin mutane daga Malisa har Ceberu, a biya shi. Ku da kuka san hatsi kun san ya fi mutum tsawo. Don haka sama yake ɗaga bakin famfon, maganin ya dawo masa a fuska kamar yayyafi. Ni nake ɗinka masa ƙyallen da yake ɗaurawa a hanci, kuma na san ƙyalle ba ya tare komai. Ya dawo gida ido jawur, kai na sara, ya sha nono ya ce ya wanke ciki. Matarsa Hadiza daban take wanke kayansa saboda wari. Duk da wannan wahalar, murzunar da ta riga ta shige cikin zangarniya magani ba ya kai mata sosai. Muna kashe kuɗi, muna shaƙar guba, tsutsa na cin abincinta. Haka muka taso muka gani, muka ɗauka haka noma yake.

Na biyu: yadda jami'a ta same ni.

Wata ranar kasuwa, 'yan shekaru da suka wuce, wata mata ta tsaya a rumfata da buhunan algarara a hannu, irin na zaren rama mai ƙananan ƙofofi. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce sunanta Sa'adatu, malama ce a wata jami'ar gwamnati, kuma ƙwari take bincike. Daga baya na ji 'yar Dangoma ce ta ƙasar Kalgo, gidansu gidan kiwo ne. Ba zan ambaci sunan jami'ar ba, domin ba ƙararta na kawo ba. Mu dai Dakta muke ce mata.

Ta ce tana son in yayyanka buhunan in ɗinka mata ƙananan jakunkuna, kowace ba ta fi tafin hannu biyu ba, da igiyar ratayewa. Na tambaye ta ko iri za ta zuba.

Ta ce, "A'a Baba, gidan zanzaro za ka ɗinka mana."

Na yi dariya na ce mata ni zanzaron da na sani a sana'ata shi ne a cusa riga cikin wando. Ita ma ta yi dariya, ta ce in na gama in kai mata da kaina, za ta nuna mini masu gidan.

Na kai. Ranar na fara shiga ɗakin bincike. Na zaci zan ga manyan injuna, sai na tarar da kwalabe da robobi jere a kan kanta, an rufe bakinsu da yadi, cikinsu garin hatsi da tsutsotsi. A jikin yadin wasu 'yan ƙwari na yawo, kowane bai kai ƙwayar shinkafa ba. Da a rigata na ga ɗaya, da na murtsuke shi ban san na kashe komai ba.

Dakta ta ɗauki ɗaya ta sa a ƙarƙashin madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa, ta ce in leƙa. Masu girma, na yi shekaru ina aikin wuyan riga, na kuma ga aikin gwanayen da suka fi ni nesa ba kusa ba. Ban taɓa ganin zare mai kyau da tsari kamar jijiyoyin fiffiken wannan ƙwaro ba. Fiffiken garai-garai, haske na wasa a kansa. Ga ƙugu siriri, ga ido, ga gashi a ƙafafu an jera shi ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya karkace. Duk wannan aiki a jikin abin da numfashina zai iya kaɗawa. Na ɗago kai ina tasbihi.

Sannan ta sa masa tsutsa a gaba. Tsutsar ta ninka shi girma kamar bijimi da ɗan tsako. Macen zanzaron ta zagaya ta, ta taɓa ta da gashin kanta, ta lanƙwasa ƙugu ta harbe ta. Tsutsar ta yi birgima, can ta saki jiki ta daina motsi. Dakta ta ce ba ta mutu ba, amma ta gama cin hatsi har abada. A jikinta zanzaron zai ajiye ƙwansa, 'ya'yan su fito su ci, su girma, su tashi neman wata. Muna yara ana ce mana zanzaron gina, wanda ke yin ɗakin laka a bango, ba ya haihuwa, tsutsa yake ɗaukowa ya mayar ɗansa. Ashe abinci yake ajiye wa ɗan. Sai da na yi furfura na san haka, a tsaye a ɗakin 'yar makiyaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ba daga ƙasar waje aka kawo ƙwaron ba. Namu ne, yana cikin dajinmu tun kakanni. Dakta ta ce rani ne ke ƙarar da shi, in damina ta zo 'yan kaɗan suka rage, kafin su yi yawa murzuna ta gama ɓarna. Aikin da ta yi shekaru a kansa, ita da ɗalibanta, shi ne sanin yadda za a kiwata shi a ɗaki, me zai ci, wane zafi yake jurewa, da kuma daidai lokacin da za a sake shi a gona. Allah ya ajiye mana maganin kusa da cutar, muka yi ta wucewa ta gabansa, har ma muna fesa masa guba tare da tsutsar. Sai da aka sami wadda aka ba lokaci da kayan aiki ta zauna ta duba. Wannan lokacin da kayan aikin, kuɗin da kuke rabawa ne ya samar da su. Ina son ku san haka kafin in kai ga kukana.

Na uku: abin da ya faru a gona.

Dakta ta zo Malisa ta zauna da mai gari da liman da manoma. Ta ce za a zuba garin hatsi da tsutsa da 'yan zanzaro a jakunkunan nan, a rataya a itatuwa cikin gonaki. Za su hayayyafa a ciki, su fito ta ƙofofin algarara, su bazu. Sharaɗinta ɗaya ne, kada a yi feshi a inda aka rataya. Wani dattijo ya ce shi dai bai taɓa jin an ɗaura wa itace laya ya kori tsutsa ba.

Wanda ya fi kowa ɓata rai Bello ne, don abincinsa aka taɓa. Amma Dakta ta lura babu wanda ya san gonakin yankin kamarsa, ta ɗauke shi aiki. Shi zai rataya jakunkunan, ya riƙa zagayawa yana duba zangarniya, ya gaya mata abin da ya gani. Ya karɓa yana gunaguni. Ya ce mini, "Yaya, wanga aiki in ya lalace ni za a zaga, ita tana can birni."

Bayan an rataya da 'yan makonni, wata rana bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gidana, ya ce in zo. Na bi shi har muka shiga gonata. Ya lanƙwaso zangarniya ya buɗe da yatsa. Ga murzuna nan kwance, ta yi baƙi ta yamutse, a gefenta wasu 'yan fararen gidaje kamar an yayyafa auduga. Ya buɗe wata, haka. Muka tsallaka gonar maƙwabci, haka. Muka yi nisa har inda ba a rataya komai ba, can ma sun kai. Ba mu ga zanzaro ko ɗaya ba a ranar. Aikinsu kawai muke tararwa, kamar ka wayi gari ka ga an nome maka gona ba ka san wanda ya yi ba. Bello ya tsuguna a kan kunyar hatsi. Ya ce, "Shekara nawa nake goyon famfo, ban taɓa yi mata haka ba."

Kakar nan mun yi dammuna masu nauyi. Mata suka ce sun ji bambanci tun a turmi. Dattijon da ya yi maganar laya ya zo rumfata da kansa ya ce a sa gonarsa a na baɗi. Mutanen gari suka raɗa wa ƙwarin suna 'yan aikin Dakta. Daga Ceberu aka fara aiko da tambaya, haka daga ƙauyukan Kalgo.

Ba zanzaro kaɗai binciken ya ƙunsa ba. Abokan aikin Dakta sun koya mana yadda ake tara juji da kashin dabbobi da toka a rami har ya nuna ya zama taki mai laushi, da yadda ake jiƙa dakakkun 'ya'yan dogonyaro a yayyafa wa wake. Sun sa an dawo da tsohuwar al'adar da muka fara mantawa, ta barin makiyaya su sauka da shanu a gona bayan girbi, su ci kara su bar taki. Wata kusurwa a gonata da ta zama fako, ko ciyawa ba ta fitowa, a damina ta uku na tona na ga tana, tsutsar ƙasa, a ciki, ƙasar ta yi duhu tana ƙamshi. Ƙudan zuma ya dawo kan furen wake. Na ɗauka ƙasar da ta mutu ta mutu ke nan, ashe barci take, abinci take jira.

Amma a wurina babban abin shi ne Bello. Idonsa ya washe, tarin da ke hana shi sakat ya tafi, ya yi ƙiba. Hadiza ta ce wa matata ta fara haɗa wankinsa da na yara. Ya zama shi ke tara mutane a gindin itace yana musu bayanin ƙwaro, har suna tsokanarsa da Farfesa.

Na huɗu: yadda aka tsaya.

Kuɗin binciken na wa'adi ne, wa'adin kuma ya cika. Dakta ta gaya mana ta sake nema, ta kai duk abin da aka ce ta kai, tana jiran amsa. Saura mataki ɗaya aikin ya tsaya da ƙafarsa. Tunda rani na kashe zanzaron, dole kowace shekara a sake sakinsa. Abin da take nema shi ne hanyar da mutanen ƙauye za su kiwata shi da kansu a ɗakunansu, ya tsallake zafin bazara ba tare da lantarki ba, har mu daina dogara da jami'a. Ta fara gwaji da wasu mata a Malisa, cikinsu har da Hadiza. Gwajin bai kai ba, wasu kwalaben suna yi, wasu suna lalacewa, ba a gano dalili ba tukuna. A nan amsa ta ƙi zuwa.

Ina roƙon ku dubi wannan da kyau. In gini aka dakatar, bulo zai jira. In littafi ne, zai zauna a kanta har a waiwaye shi. Mai rai ba ya jira. Ɗaliban da ke kula da ƙwarin suka gama karatu suka watse, ba a ɗauki wasu ba. Ba man janareto, ba motar zuwa ƙauye. Bazara ta shigo da zafinta, akasarin abin da ke ɗakin nan ya mutu. Aikin shekaru aka kwashe a tsintsiya. Ba wanda ya zo ya ce mana binciken ya gaza, domin bai gaza ba. Mu ne shaida. An dai yi shiru ne har ya ƙare.

Na biyar: abin da ya sami ƙanena.

Bara ba a rataya ba, muka sha da ɗan sauƙi. Bana murzuna ta dawo da ƙarfinta. Mutane suka riƙa zuwa rumfata suna cewa in ɗinka musu jaka. Na ce musu jaka ba ta komai, abin cikinta ne babu. Na ga wanda ya ɗauko tsohuwar jakar da rana ta cinye ya sake ratayawa, ko Allah zai sa a dace.

Da tsutsa ta bayyana, sai aka koma ƙofar Bello. Na same shi a zaure yana wanke famfon da ya yi shekaru a rataye. Na ce masa ya bari, in hatsi ne zan ba shi daga rumbuna.

Ya ce, "Yaya, naka rumbun ma tana ciki. Mutane na tsaye a ƙofata, gonakinsu na ƙarewa. Mi zan ce musu?"

Ya goya ya fita.

Ya yi kwanaki yana feshi daga safe har rana ta take. Wata rana da tsakar rana ya faɗi a wata gona kusa da Ceberu. Mai gonar ya tarar da shi yana kumfa, jiki na karkarwa, famfon na bisa bayansa. A kan babur aka riƙe shi zuwa asibiti. Allah ya yi da sauran kwanansa, ma'aikatan asibiti kuma sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Ni ba likita ba ne, ba zan ƙara gishiri a abin da ban sani ba. Abin da likita ya ce a gabana shi ne kada ya sake kusantar maganin nan. Abin da nake gani da idona kuma, hannuwansa rawa suke yi. Moɗar ruwa da hannu biyu yake riƙe ta, duk da haka sai ta zube masa a riga. In ya taka zuwa masallaci sai ya huta a hanya. Mutumin da ke bin gonaki daga gari zuwa gari.

Ban ce ku kuka goya masa famfo ba. Abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa, mun yarda da haka. Amma an nuna mana hanyar da ba sai an sha guba ba, mun bi ta, mun ga ta ɓulle, sannan aka rufe ta muna tsakiya. Wanda bai taɓa ganin haske ba bai san duhu ya dame shi ba. Mu mun gani.

Na shida: inda sauran ƙwarin suke.

Dakta ta ji labari ta zo duba Bello. Da za ta tafi ta ce in same ta a gidan mahaifiyarta a Dangoma. Na hau mota zuwa Kalgo, na ƙarasa da babur. A wani ɗakin laka mai sanyi, bayan tukwanen ruwa, ta nuna mini 'yan kwalabe. Abin da ta iya tsamowa ke nan kafin ɗakin bincike ya mutu. Daga albashinta take ciyar da su, tsohuwa kuma na yayyafa ruwa a ƙasa don sanyi, tana ce musu shanun Sa'adatu.

Ta ce mini an yi mata tayin aiki a wata ƙasa, inda za a ba ta ɗaki da kayan aiki. Ba ta amsa ba tukuna, amma ba za ta iya jira har abada ba. Ta ce, "Baba, ba na so su zauna wuri ɗaya, kar abu ɗaya ya same su duka. Ka tafi da wasu."

Na ce mata ni tela ne. Ta ce ta sani, ta kuma nuna mini yadda ake sauya musu gari da yadda ake raba su in sun yi yawa.

Don haka, masu girma, wani yanki na binciken da dukiyar al'umma ta gina yana ɗakin ƙanena a Malisa yanzu, a cikin kwalabe, an rufe su da ragowar yadin kaftani. Can na kai su saboda Hadiza ta ɗan san hannunsu, kuma Bello ya nemi a ajiye su kusa da shi. Ba ya iya buɗe murfi, amma shi ke zaune yana gadinsu, ya kori cinnaka, ya aiko a kira ni in sababbi sun fito. Kullum na je na tarar sun ƙyanƙyashe, sai in ji abin nan da na ji ranar farko. Daga cikin gari da tsutsa wani abu mai fiffike ya fito, ya miƙe, ya share fuska da ƙafafunsa, ya san aikinsa ba wanda ya koya masa. Maƙwabta na shigowa kallo, su fita suna salati. Amma mun riga mun yi asarar wasu kwalaben, ba mu san me muka yi ba daidai ba. Sanin wannan dalilin shi ne binciken da aka dakatar. Ba aikin tela ba ne, ba na majinyaci ba ne.

Abin da nake roƙo.

Ina roƙon ku duba neman da Dakta da abokan aikinta suka kai, ku ba su amsa. In e ce, a yi ta kafin hatsin baɗi ya fid da kai, domin kiwon ƙwarin sai an faro shi tun da rani. In a'a ce, a faɗa mana dalili, mu san matsayinmu.

Ina roƙon duk binciken da ya shafi abu mai rai, ƙwaro ne ko iri ko ƙasa, kada a bari a sami giɓi tsakanin wa'adi da wa'adi. Ko ɗan abin da zai riƙe numfashinsa a ware masa har a gama shawara. Asarar da ake yi a giɓin nan ta fi abin da ake zaton an adana.

Ina roƙon a ɗauki binciken noman da ba ya dogara da guba da muhimmanci kamar yadda ake ɗaukar rabon taki da maganin feshi. Abin da aka raba bana, bana zai ƙare. Abin da aka gano kuwa, jikokinmu za su ci moriyarsa, in an bari an gama gano shi.

Ina roƙon in za ku auna amfanin wani bincike, ku turo wakili ya shigo ƙauye ya tambayi waɗanda aka yi shi a gonakinsu. Ku zo Malisa, ku zo Ceberu, ku je Dangoma. Za mu shimfiɗa muku tabarma, mu dama muku fura, mu nuna muku kwalaben. Ina da yaƙinin duk wanda ya leƙa ya ga abin da na gani, hannunsa ba zai yi nauyi wajen sa hannu ba.

Ban roƙi komai don Bello ba, kuma shi ya hana ni. Da na karanta masa wannan takarda, ya ce jinyarsa tamu ce, mu da Allah. Abu ɗaya ya ce in ƙara. Babban ɗansa, wanda aka yi wa aure bara kuma matarsa ke da ciki, ya fara tambayar yadda ake haɗa magani da ruwa, don ya ga gida ba mai shigo da komai, kuma ya san in damina ta zo mutane za su sake tsayawa a ƙofar. Bello ya hana shi. Ya ce zai iya hana shi har zuwa faɗuwar ruwa. Bayan nan bai yi alkawari ba.

Allah ya yi muku jagora a kan amanar da ke wuyanku, ya haskaka zukatanku wajen yanke abin da zai amfani talakawa. Allah ya tsare ku da zuriyarku daga ciwon da ba a san kansa ba, ya sa abin da kuka sa wa hannu ya zama sadaka mai gudana a gare ku. Allah ya ba masu bincikenmu haƙuri da basira, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Umaru Tela,
Malisa, ƙasar Gwandu, Jihar Kebbi.